Tarihin Yaƙi da Sauro da Kaska a Ƙasar Gumel da Kewayenta

Gabatarwa

Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta rairayi mai gajeriyar damina, wadda baƙo zai zaci sauro ba shi da mazauni a cikinta. Amma da zarar ruwa ya zauna, sai kududdufan da aka haƙa don ginin gida, da tafkuna, har ma da sawun kofaton shanu, su zama wurin ƙyanƙyasar sauro. Kaska kuwa tana biye da garke duk inda ya nufa. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin dabarun da aka bi wajen kare kai daga ƙwarin nan biyu, domin a fito da darasi guda: akwai maganin da ke kashe ƙwaro, akwai kuma wanda ke korarsa, kowanne da muhallinsa, sa'an nan ɓarna mai yawa ta samo asali ne daga rashin bambanta su.

Dabarun Gargajiya

Tun kafin a san cewa sauro ne ke ɗauke da zazzaɓi, Bahaushe ya san shi da hana barci, ya kuwa yi masa tanadi. Babban makaminsa shi ne hayaƙi. Da magariba akan turara ɗaki da ganyaye masu ƙarfin ƙanshi, kamar ɗaiɗoya da wani tsiro da ake kira sarakuwar sauro, wanda sunansa kaɗai ya isa bayanin aikinsa. Bayan da aka kawo itacen darbejiya daga Indiya a zamanin Turawa, sai ganyensa ya shiga sahu, haka ma busasshen ɓawon lemo. Makiyaya su ma sukan hura wuta mai hayaƙi a tsakiyar garke, su kuma cire kaska da hannu, yayin da tsuntsun nan carki ke taya su aikin a bayan shanu. Duk waɗannan dabarun kora ne. Amfaninsu kan ƙare da ƙarewar hayaƙin, alhali sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi cizo ne can cikin dare, lokacin da wutar ta mutu.

Zamanin Feshi

A 1897 likitan nan Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa ƙwayar cutar zazzaɓin tana girma ne a cikin sauro. A 1939 kuma Paul Müller ya gano ƙarfin DDT wajen kashe ƙwari, abin da ya sa aka ɗauka ƙarshen sauro ya zo. A kan wannan fata ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin daga doron ƙasa a 1955.

A Nijeriya ta Arewa an fara gwajin feshin ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, a 1954. Ba a daɗe ba, a 1955, sai aka tarar a garin Ambursa cewa sauro ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan, mai suna dieldrin. Dalili kuwa shi ne, 'yan ƙalilan ɗin da maganin bai kashe ba su ne suka hayayyafa, suka gadar wa 'ya'yansu taurin. Wannan shi ne gargaɗi na farko.

Aikin Garki

Gargaɗi na biyu ya fito ne daga Garki, maƙwabciyar ƙasar Gumel, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Daga 1969 zuwa 1976 Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gudanar da bincike a can, wanda har yau ake koyar da shi a makarantun likitanci na duniya. Tambayar da aka so amsawa ita ce: idan aka yi feshi yadda ya kamata, aka haɗa da rabon magani, za a iya yanke zazzaɓin a irin wannan ƙasa?

An fara da ƙidaya. Ma'aikata kan kwana suna kama sauron da ya zo cizo, a cikin ɗaki da waje, aka kuwa tarar a wasu ƙauyuka mutum ɗaya kan sha cizo fiye da 100 a dare guda a tsakiyar damina. Sa'an nan a 1972 da 1973 aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna a ƙauyuka 164, aka kuma raba ƙwayoyi ga jama'ar wasu daga cikinsu. Cutar ta ragu ainun inda aka haɗa dabarun biyu, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuwa sai ta komo.

Littafin da Molineaux da Gramiccia suka wallafa a 1980 ya bayyana babban dalilin. Feshin bango yana kashe sauron da ya ci jini ya sauka a bango don hutawa. To, ashe wani kaso na sauron Garki waje yake fita ya huta, don haka bai taɓa haɗuwa da gubar ba. Duk wanda ya san rayuwar ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar, inda ake hira a dandali har dare, ake kwana a tsakar gida saboda zafi, ake tsaron gona da garke, zai ga cewa abin da aka shafa wa bango ba ya bin mutum waje.

Maganin Shafawa da Gidan Sauro

A nan ne maganin kora ya sami gurbinsa. Sauro yana gano mutum ta numfashinsa da warin jikinsa, maganin shafawa kuwa yana rikita masa wannan hanya. Daga cikin irinsa akwai DEET, wanda aka yi wa sojojin Amurka a 1946, aka sake shi ga jama'a a 1957. Daga baya aka sami picaridin, wanda ba shi da maiƙo sosai. Adadin da ke rubuce a jikin kwalba yana nuna tsawon lokacin da maganin zai yi aiki: mai kashi 10 cikin 100 bai wuce kamar awa biyu ba, mai kashi 30 kan kai awa biyar ko kusa, abin da ya haura kashi 50 kuwa ba ya ƙara wani abin kirki.

Ƙa'idodinsa 'yan kaɗan ne. Ana shafa shi ne a fatar da tufafi ba su rufe ba, ban da ido da baki da rauni. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, sai dai a rufe shi da gidan sauro. Babba ne zai shafa wa yaro, kuma ban da tafin hannu, domin yaro ba ya rabo da sa hannu a baki. In an shiga ɗaki sai a wanke. Permethrin, wanda aka samar a Ingila a 1973, na tufafi ne da gidan sauro, ba na fata ba. Binciken da aka wallafa daga Gambiya a 1991 ya nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara ƙwarai, saboda haka maganin shafawa mataimakinsa ne kurum, na tsakanin magariba da shiga kwana. Maganin sauro na kunnawa kuwa yana bukatar iska na shiga ɗaki, a kuma nisanta shi daga katifa da labule.

Kaska

Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, tana tara makiyaya da dillalai da mahauta, waɗanda su ne suka fi kusa da kaska. Makiyayi ya san inda kaska ta yi yawa kirci kan biyo baya a fatar shanu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana ɗaukar cutar mutane, watau zazzaɓi mai sa zubar jini da aka gani a Kirimiya a 1944 da Kwango a 1956, wanda masu bincike na Jami'ar Ibadan suka sami ƙwayarsa a jikin kaska da dabbobi a Nijeriya a shekarun 1960. Ana kamuwa da shi ta cizo, ko murƙushe kaska da yatsa, ko taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da shi. Kariyar ita ce dogon wando da aka cusa cikin safa, da duba jiki bayan an baro garke. Wadda ta maƙale, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, ba tare da ƙona ta ko zuba mata kananzir ba. Maganin wankan shanu na shanu ne, ba a shafa wa mutum.

Kammalawa

Abin takaici, kuskuren zamanin feshi ya dawo ta wata kafa. Fiya-fiya, wanda ake haɗawa da dichlorvos na gona a yayyafa a ɗakin kwana, guba ce mai shiga ta fata da numfashi, har ta kai hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 1 ga Satumba, 2019. Ambursa ta nuna cewa sauro yana sabawa da guba, Garki ta nuna yana kauce mata, amma jikin yaro ba ya iya ko ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sai dai rigakafin ma yana bukatar sani. Magidancin da ya bar na gona a gona, na dabba a garke, ya duba lambar rajistar NAFDAC kafin ya sayi na shafawa, ya kuma kwantar da iyalinsa cikin gidan sauro, shi ne ya amfana da wahalar da mutanen Garki suka sha.