Daga tiyatar rage ƙiba ta farko zuwa tattakin safe a Gusau

1/ Jama'a, kwanan nan maganar tiyatar rage ƙiba ta yi yawa a nan, har wasu na ganin kamar shiga ɗakin tiyata ne kawai a fito sabon mutum. Bari mu waiwaya baya, mu ga daga ina abin ya faro, da abin da ke biyo bayan wuƙar likita.

2/ A wajen kakanninmu ƙiba ba ciwo ba ce. Idan aka ce "wane ya yi tumbi" yabo ne. Amarya ta yi ɓul-ɓul, sai a ce miji na riƙo da kyau. Dalili kuwa a fili yake: mai noma da fartanya tun hantsi, mai zuwa kasuwar Tsafe a ƙafa, mai hawa dutsen Kwatarkwashi a Bungudu, ina zai tara kitse? Sai mai hali.

3/ Jirgin ƙasa ya iso yankin Gusau wajen 1929, gyaɗa da auduga suka kawo kuɗi. 1996 aka ƙirƙiri jihar Zamfara, Gusau ta zama hedikwata: ofis, kujera, mota, acaba ko ƙofar gidan maƙwabci za ka. Ga lemon kwalba. Wasu ma har ƙwayar "sha ka fashe" suke haɗiya don su yi jiki. Sai hawan jini da ciwon suga suka biyo baya.

4/ Ita tiyatar a Amurka ta samo asali. Wani likita a Jami'ar Iowa, Edward Mason, ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani ɓangare na tumbi ramewa suke yi. A 1966 ya yi aikin da gangan ga mai ƙiba: ya ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, ya haɗa shi da hanji kai tsaye.

5/ A 1993 aka fara yin sa ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ba tsaga ciki ba. Yanzu wanda aka fi yi shi ne a cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar shi kamar ayaba.

6/ Kar a haɗa wannan da zuƙe kitse. Wancan na kwalliya ne, kuma bayan irin sa ne Stella Obasanjo ta rasu a Sifen a Oktoban 2005.

7/ Masu son ƙwallo, kun san Maradona. An yi masa tiyatar a Kolombiya a 2005, ya rame har ana mamaki. Ƙibar ta dawo, a 2015 aka sake yi masa a Venezuela. Ba shi kaɗai ba ne: binciken da aka fara a Sweden a 1987 kan mutum sama da 4,000 ya nuna tiyatar na rage mutuwa, amma bayan shekara ɗaya zuwa biyu nauyi kan fara ɗan dawowa.

8/ Nan ne motsa jiki ya shigo. Lokacin da jiki ke zubewa da sauri, ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har tsoka. Mutum ya ragu a sikeli amma hawa bene ya gagare shi, wannan wane irin jin daɗi ne? Shi ya sa tun ranar aikin ake tayar da majiyyaci ya taka, don gudun daskarewar jini a ƙafa. Ɗaukar kaya masu nauyi kuwa sai bayan sati huɗu zuwa shida.

9/ Bayan warkewa, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne aƙalla minti 150 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 kenan sau biyar. Sai ƙwai, wake, kifi, nono, da ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa. Fura mai suga da yawa kan jawo jiri da zufa da gudawa. Azumi ma sai an tambayi likita.

10/ Matsalarmu a Zamfara ita ce wurin yi. Yadda tsaro yake, ba wanda zai ce maka ka fita bayan gari a Tsafe da asuba kana gudu. Mata kuma sun fi shiga matsi, don mace ta fito tattaki sai a yi ta kallonta kamar ta yi laifi, wallahi abin na ba ni haushi. Abin da ya rage: zagayen unguwa bayan sallar asuba, filin makaranta, gefen filin wasa na Sardauna a Gusau. A tsakar gida kuma, galan mai lita biyar cike da ruwa kilo biyar ne, ya isa a fara.