Daga Masaukin Baƙi Zuwa Makarantar Lauyoyi: Tarihin Otel ɗin Bagauda

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ko Bunkure kamar ni, ya san ruwan Tiga, domin da shi muke noman rani. Amma kaɗan ne daga cikin tsararrakina suka san cewa ginin da muke kira makarantar lauyoyi a Bagauda, asalinsa otel ne. Wannan shi ya sa na ga ya kamata in ɗan taɓo tarihinsa.

Marigayi Audu Baƙo ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka shiga datse koguna don noman rani. Aka fara da Bagauda, wanda ruwansa ya shayar da gonakin gwaji na Kadawa, kafin a gama babbar madatsar Tiga a 1974. Sunan kuwa na Bagauda ne, sarkin Kano na farko, wanda littafin Tarihin Kano ya fara lissafi da shi. A bakin wannan tafki gwamnati ta gina otel, da ɗakuna masu siffar bukkoki, domin baƙi su zo su huta, su ga aikin da ake yi a karkara.

Kakana ya gaya mini cewa a lokacin, ranar Asabar da Lahadi, motocin ma'aikata da na Turawa ba sa yankewa a hanyar. Masu kifi da masu tumatir suka sami kasuwa. Amma da tattalin arzikin ƙasa ya taɓu, baƙi suka ja baya, wurin ya yi sanyi.

To, ita kuma Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda dokar 1962 ta kafa a Ikko, ɗalibai sun yi mata yawa. A 1997 aka mai da hedkwatarta Bwari, kusa da Abuja, sannan aka buɗe mata rassa. Reshen Kano sai aka ajiye shi a tsohon otel ɗin Bagauda.

Mai karatu ya lura, gyaran ba na fenti ba ne kawai. Otel an tsara shi ne don kowa ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Makaranta kuwa tara mutane take yi. Ɗakin baƙo yana iya zama makwancin ɗalibi ba wuya. Amma ofishin malami yana bukatar haske da wurin ajiye takardu, laburare yana bukatar shiru da kantoci, zauren lacca kuwa sai ya ɗauki ɗaruruwa. Wani a gyara, wani dole a gina sabo.

A ganina an yi dabara, domin gini in ba kowa cikinsa, gara da damina ne magadansa. Sai dai ina da kuka ɗaya, kuma a kanmu yake, mu ɗaliban Hausa. Waɗanda suka yi dakon bulo da masu dafa abinci a otel ɗin suna nan cikin ƙauyukanmu, sun tsufa. In ba mu je da alƙalami da rikoda mun ɗauko labarinsu ba, za a wayi gari ginin yana tsaye, ba mai iya faɗin abin da ya kasance. Allah ya ba mu ikon yi, amin.