Wa ma ya ce dole sai kwana 28?

1/ Likita ta tambaye ni yaushe na ga al'adata ta ƙarshe, na tsaya ƙirge da yatsu. Tsoro ne ya kai ni, don tawa ba ta zuwa a kwana 28. Ta ce in rubuta na wata uku in dawo.

2/ Ashe rubutun nan tsohon abu ne. A 1934, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani malami, Alan Treloar, ya fara raba wa ɗalibai mata kati su riƙa sa alama a ranakun jini. Ɗalibai irinmu fa! Wasu ba su daina ba har girma ya ɗauke musu al'adar, 'ya'yansu ma suka shiga.

3/ A 1967 sakamako ya fito: kwana 28 ba doka ba ce. Mace da mace sun bambanta, ke kanki watanninki ba ɗaya ba ne, musamman farkon balaga da dab da dainawa.

4/ Da na koma na miƙa mata wayata, kwanakin ko a jikinta. Yawan audugar da nake canzawa ta tsaya a kai, ta tura ni gwajin jini.