Masarautar Marsiya da Sarki Offa: Ƙarfin Sarki da Raunin Sarauta

Bayan da mulkin Rumawa ya ƙare a tsibirin Birtaniya wajen shekara ta 410, sai kabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmark, suka kakkafa ƙananan masarautu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Marsiya, wadda ke tsakiyar Ingila a kwarin kogin Trent. Tambayar da za mu duba a wannan lacca ita ce: me ya sa masarautar da ta fi kowace ƙarfi fiye da shekara ɗari ba ita ce ta haɗa kan Ingila ba?

Wanda ya fara fito da sunan Marsiya shi ne Penda, mayaƙi mai bin addinin gargajiya. Sarakuna biyu na Nortambiriya, watau Edwin a 633 da Oswald a 642, duk a yaƙi da shi suka halaka, kafin shi ma a kashe shi a 655. 'Ya'yansa suka karɓi addinin Kirista. Daga baya Etelbald ya yi sarauta daga 716 zuwa 757, har dogaransa suka kashe shi. Cikin rikicin da ya biyo baya ne Offa ya hau gado.

Offa ya shekara 39 yana mulki, kuma babbar fadarsa tana Tamworth. Ya mayar da sarakunan Sussex tamkar hakimansa, ya danne Kent, ya sa aka fille kan sarkin Angiliya ta Gabas a 794. A kan iyakarsa da Wales akwai ganuwar ƙasa da gwalalo, mai tsawon kusan kilomita 130, wadda har yau ake kira da sunansa. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai ga sarkin da ke iya tara dubban talakawa ya kuma ciyar da su. Ya kyautata kuɗin azurfa, har aka buga wasu da sunan matarsa. Akwai ma wani kuɗin zinariya da aka kwaikwaya daga dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157 bayan Hijira, da rubutun Larabci, aka sa sunan Offa a juye. Wannan ya nuna cewa maƙerin bai iya Larabci ba, amma ya san kuɗin da fatake suka yarda da shi. A 796 Sharlaman, sarkin Faransawa na wancan zamani, ya aiko masa da wasiƙa game da kare fatake, ya kira shi ɗan'uwa.

To, amma ina raunin yake? Yana wajen gado. Offa ya sa aka naɗa ɗansa Ekfrit sarki a 787, tun yana da rai. Malami Alkuwin ya rubuta cewa uban ya zubar da jini mai yawa don ya share wa ɗan hanya. Offa ya rasu a 796, ɗan kuwa kwana 141 kaɗai ya yi a kan gado ya mutu. Sarauta ta koma hannun dangi na nesa, gidaje suka shiga jayayya. A 825 Egbat na Wesseks ya ci Marsiya da yaƙi a Ellendun. A 874 mayaƙan Denmark suka kori Sarki Burgred, ya gudu Rum. Bayan rasuwar Etelfled, 'yar Sarki Alfred, a 918, sai Wesseks ta haɗiye abin da ya saura.

Abin lura ga ɗalibai da ma'aikata shi ne, biyayyar da ƙasashen da aka ci suka yi, ga Offa suka yi ta, ba ga wani tsari ba. Da ya kau, ita ma ta fara kaucewa. Ganuwarsa tana nan bayan shekara 1,200, amma gidansa bai kai ƙarshen shekarar da ya mutu ba.