Tarihin intanet: darasin da ya kamata yaro ya fara ji

Idan aka tambayi ɗan aji shida a Maraɗi ko Tawa mene ne intanet, amsar da za a fi ji ita ce WhatsApp ko TikTok. Ba laifinsa ba ne, haka ya tarar da abin a salular yayansa. A ganina, malamai da iyaye, kafin mu nuna wa yaro inda zai danna, mu fara ba shi labarin yadda aka gina abin. Cikin labarin akwai darussa uku da za su tsare shi.

A Amurka aka fara. Ranar 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibin jami'ar Kalifoniya, Charley Kline, ya yi ƙoƙarin aika kalmar LOGIN zuwa wata kwamfuta a cibiyar bincike ta Stanford, tazarar fiye da kilomita 500. Harafi biyu suka isa, L da O, sai na'urar ta tsaya. Sunan wannan hanya ARPANET, ma'aikatar tsaron Amurka ce ta biya kuɗinta, kuma a ƙarshen shekarar kwamfuta huɗu kawai ta haɗa.

Dabarar da suka yi amfani da ita ita ce rarraba saƙo ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshi, ya bi hanyar da ya samu, a haɗa su idan sun isa. Ɗan ƙasar da ayari ke ratsawa ba zai sha wuyar fahimta ba: kayan mutum ɗaya ne aka raba wa raƙuma da yawa, suna yada zango daga gari zuwa gari. Bafaranshe Louis Pouzin ya inganta dabarar a aikinsa mai suna CYCLADES. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa ƙa'idar da ta zama TCP/IP, wato harshe ɗaya da kowace kwamfuta za ta ji, kuma ARPANET ta koma kansa ranar 1 ga Janairu 1983.

Darasi na farko ke nan: saƙo yana ratsa na'urorin mutanen da ba mu sani ba, kuma wanda ya karɓa yana iya kwafarsa sau dubu. Yarinyar da ta tura hotonta ga ƙawa ɗaya ta san cewa ya fita hannunta. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi magana daɗewa.

Sai a 1989 Tim Berners-Lee, ɗan Ingila mai aiki a cibiyar CERN kusa da Janeba, ya kawo shawarar shafukan da muke buɗewa yau, masu farawa da www. Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta sakar wa duniya fasahar kyauta. Daga nan kowa ya samu damar buɗe shafi ba tare da neman izinin kowa ba. Google ya zo a 1998, Facebook a 2004, WhatsApp a 2009.

Waɗanda suka gina hanyar tun farko masu bincike ne da suka san juna. An tsara ta don ta isar da saƙo, babu inda take tantance gaskiyarsa ko sunan mai aikowa. Wannan shi ne darasi na biyu. Littafin lakol sai da masu dubawa suka tace shi, amma muryar da ke yawo a waya tana cewa an gano maganin kowace cuta ba ta bi ta hannun kowa ba. Mu saba wa yaro da tambaya uku: wa ya faɗa, yaushe, ina kuma aka tabbatar? Kada ya manta ma, tun 2019 Nijar tana da doka kan laifukan intanet.

Darasi na uku: intanet ba iska ba ce. Mafi yawan saƙonnin da ke tsallaka nahiyoyi ta wayoyin ƙarƙashin teku suke bi. Nijar ba ta da gaɓar teku, sai an jawo mata ta maƙwabta. A watan Yuli 2009, da wayar SAT-3 ta samu matsala, Binin da Togo da Nijar da Najeriya duk suka shiga duhu. Ranar 14 ga Maris 2024 ma wayoyi da dama suka katse a tekun Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma suka ji a jika. Abin da aka kashe wa kuɗi haka yana da masu shi. Manhajar da ake cewa kyauta ce, da talla da bayanan masu amfani da ita take cin riba. Yaron da ya gane haka zai yi tunani kafin ya miƙa lambar wayarsa ko kalmar sirrinsa.

Ba sai lakol tana da kwamfuta ko rezo za a koyar da wannan ba. Malam ya rubuta jimla a takarda, ya yage ta gida biyar, ya sa wa kowane yanki lamba, ya bar yara su miƙa wa juna ta layuka daban-daban har bencin ƙarshe. Idan an haɗa jimlar, ya tambayi ajin mutum nawa suka taɓa takardar a hanya, nawa kuma suka leƙa. A gida, uwa ko uba su yi wa yaro wannan tambayar kafin su miƙa masa salula.