Jins

Kalmar jins ta shigo Hausa daga Ingilishi, amma tushenta sunan gari ne: Genoa, birnin jiragen ruwa na Italiya, wanda Faransawa ke kira Gênes. Da sunan birnin aka san wani yadi mai kauri da matuƙa jirgi ke sawa, har sunan ya koma kan wandon kansa. Yadin da ake ɗinka shi da shi yau, denim, ana danganta sunansa da garin Nîmes na Faransa. A 1873 Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi rajistar wandon ma'aikata mai ƙusoshin tagulla a bakin aljihu, a Amurka.

A Birnin Konni, Malbaza da Illela, kalmar ta biyo hanya biyu. Masu bin bakin Faransanci sukan ce "jin", masu mu'amala da kasuwannin Sakkwato sukan ce "jins". Galibi akan haɗa ta da wando: wandon jins.

Launinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Shuɗin nan na baba ne, irin wanda marina suka daɗe suna rini da shi, sai dai yanzu masana'anta ke haɗa shi. Yana kuma karɓar kusan kowane launi: farar riga, ƴar shara ruwan ƙasa, ko jar hula. Shuɗi kan shuɗi ne ke son lura. Gara ɗaya ya fi ɗaya duhu. Wurin ɗaurin aure da sallar Idi kuwa, har yanzu shadda ce ke da fili.