Nakata: ɗan ƙwallon da ya ajiye takalmi yana da shekara 29

Duk lokacin da muka zauna musun ƙwallo a hostel, daga Messi sai Ronaldo, kamar ba a yi wasu ba. Yau ina so mu tuna wani mutum da tarihinsa ya sha haɗuwa da namu, wato Hidetoshi Nakata na Japan.

An haife shi a 1977 a garin Kofu. A 1993 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan, yana cikin yaran da su Kanu suka fitar da ci 2-1 a kwata-fainal. A gasar Olamfik ta 1996 aka sake haɗuwa. Japan ta ba duniya mamaki ta ci Birazil 1-0, sai ga Najeriya, da su Tijjani Babangida da Okocha, ta ba su 2-0. Mu muka dawo da zinare, su ko rukuni ba su wuce ba.

Amma yaron bai tsaya nan ba. A 1997 da 1998 shi aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Asiya, kuma da shi Japan ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Faransa. Daga nan Perugia ta Italiya ta saye shi. A lokacin da yawa sun ɗauka talla ce kawai, a sayar wa Japanawa riguna. Wasansa na farko da Juventus ya zura biyu, kakar ta ƙare yana da 10.

Wasan da Romawa ba sa mantawa shi ne na watan Mayun 2001. Nakata yana Roma, amma yawanci a benci, don gurbinsa na Totti ne, kyaftin kuma ɗan gari. Juventus ta ci su 2-0, koci Capello ya cire Totti ya sa shi. Ya sheƙa wata daga nesa ta shiga. Dab da tashi ya sake bugawa, Van der Sar ya amayar, Montella ya ƙarasa. Wannan 2-2 ɗin ta hana Juventus matsowa, Roma ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1983. Ni a ganina nan ne girmansa yake: baƙo, ɗan benci, amma ranar da aka kira shi a shirye yake.

Bayan Parma, inda ya ci kofin Italiya a 2002, da Bologna da Fiorentina, ya ƙare a Bolton ta Ingila, abokin wasan Okochan da ya fitar da shi a 1996.

Farin jininsa ya wuce fili. Gashi a rine, ado, tallace-tallace, 'yan jaridar Japan na bin sa duk inda ya sa ƙafa. Pele ma ya sa shi a jerin gwanayensa na 2004.

A 2006 Birazil ta ci Japan 4-1 a Jamus, ya kwanta a tsakiyar fili ya daɗe bai tashi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ce ya daina, bayan wasa 77 da ƙwallo 11 wa ƙasarsa. Ya shiga yawon duniya, sannan ya zagaye lardunan Japan 47 yana tallata sana'o'in gargajiya.

To jama'a, barin fili a shekara 29 hikima ce ko gaggawa? Ina jiran ra'ayinku.